Yadda Tun-Kafin-Ku Ya Girmi Kowa a Kotu

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin akawunan kotun nan ya san ba alƙali ke riƙe da shari'a ba. Alƙali zama kawai yake yi. Mai riƙe da ita yana can a teburin da ke ƙarƙashin fanka, da biro uku a aljihun gaba: ja, baƙi, da wani da ya ƙare tun tuni amma daɗewarsa a bakin aiki ta hana a jefar da shi. Sunan da iyayensa suka raɗa masa yana cikin fayil. Wanda ƙananan akawuna suka raɗa masa shi ne Tun-Kafin-Ku, don bakinsa bai iya buɗewa da wata kalma ba.

"Tun kafin ku san biro nake rubuta sammaci."

"Tun kafin a yaye ku nake kiran 'Kotu!' manyan lauyoyi na miƙewa."

Ran nan wani ya ce famfo ya ɗauke. Tun-Kafin-Ku ya ce tun kafin su famfon nan yake ɗaukewa, kuma a gabansa aka kafa shi.

Mutum ne mai tawali'u ƙwarai, shi da kansa yake sanar da haka kowace safiya. Ga tsari. Gaisuwa ma a wurinsa mataki gare ta: idan masinja ya riga mai buga takardu gaishe shi, sai ya riƙe amsar masinjan a baki har na gaba da shi ya gaisa. Mai ƙara kuwa ya taso daga nesa don ya ji ranar da aka ɗage masa shari'a, sai ya samu benci ya huta. Ranar tana nan a buɗe a gaban Tun-Kafin-Ku, amma ba ta fita sai shayi ya huce.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa wannan bawan Allah a maƙogwaro: matar da ke zaune a lungun kabad, wadda ake kira Uwar Fayil. Ba ta da jawabi. Ka ce mata shari'ar filin nan ta masu kaji, ta miƙa hannu baya ko waiwaye babu ta zaro maka. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, shekara talatin da ɗaya ke nan. Takardarta ta ɗaukar aiki lamba goma sha huɗu, tasa goma sha biyar. Ya sha bayyana wa jama'a cewa iska ce ta juya takardun a ranar. Babu wanda ya tambaye shi.

Ana nan sai aka yi wa rajistara canjin wurin aiki. Takarda ta zo daga hedikwata: wanda ya fi daɗewa a cikin akawuna shi zai hau kujerar, kwamiti na zuwa nan da mako biyu ya duba fayil ɗin kowa.

Tun daga ranar tafiyar Tun-Kafin-Ku ta sauya. Ya riƙa bi ta ƙofar ofishin rajistara sau shida a yini, yana tura ta kaɗan wai yana duba ko an kashe fitila. Bayan tsofaffin takardun sammaci ya cika da sabon sa hannu mai jela. A gida ma ya tara matarsa, ita kaɗai, ya yi mata jawabi a tsaye.

"Daga wata mai zuwa, masu sallama a ƙofar nan za su ƙaru. A riƙa tambayar ko su wane ne kafin a ce ina ciki."

"To, Malam," in ji ta, ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba. "Ita baiwar Allahn nan ta lungun kabad fa?"

A nan jawabin ya ƙare. Lamba goma sha huɗu tana nan daram, kuma kwamiti ba ya sauraron labarin iska.

Kwana biyu yana juya abin, ran na uku ya tuna da wata dukiya da ya binne da hannunsa. Kafin a ɗauke shi akawu, ya yi masinjan wucin gadi a wannan kotun: ɗaukar fayil a ka, wanke kofin alƙali, korar awaki daga harabar. Shekara talatin da ɗaya duk wanda ya tuna masa sai ya ce ɗan baffansa ne, kama suke yi. To ga shi yau ɗan baffan nan ya zama abin nema. Idan aka haɗa shekarunsa da na Tun-Kafin-Ku, ina Uwar Fayil ina kamo ƙafa?

Shaida ɗaya ya rage a raye, tsohon maigadin kotu. Tun-Kafin-Ku ya same shi a bakin get, ya gaishe shi har da rusunawa, abin da ya sa tsohon ya waiga ya ga ko wani ne a bayansa.

"Baba, ka tuna lokacin da nake ɗan taimaka wa kotu kafin a tabbatar da ni?"

"Lokacin da kake wanke kofi?"

"Lokacin da nake kula da kayan alƙali."

"Ba ka ce ɗan baffanka ne ba?"

"Ni ne ɗan baffan. Shekara nawa na yi?"

Tsoho ya sosa ƙeya. "Za a yi uku."

"Uku! Baba, tsufa ya fara taɓa ka. Huɗu ne da wata biyar. Na zo kafin a rufe barandar nan da kwano. Ka tuna?"

"Tun da kai ka ce."

Yanzu aka zo fagen da ba a kama ƙafarsa. In dai haɗa takarda ne, a ba shi hanya. Ya sa aka buga takardar rantsuwa shafi uku. Ya shiga gaban alƙali ya rantse da murya har ana ji a ɗakin ajiyar kayan shaida. Maigadi ya dangwala yatsa. Tun-Kafin-Ku ya buga hatimi a kowane shafi, ya ƙara ɗaya a kan mahaɗar shafukan don kada wani mugu ya zare na tsakiya. Ya shigar da ita babban littafi da hannunsa, da tawadar da ba ta goguwa. Kwafi biyar: hedikwata, kwamiti, alƙali, fayil, da na ƙarƙashin katifa.

"Ku zo ku koyi aiki," ya ce wa ƙananan akawuna, yana kaɗa ta a iska. "Takardar da na ɗaure, ni kaina ban isa in kwance ta ba."

Kwafin fayil kuwa dole ya bi ta hannun Uwar Fayil. Ta karanta a tsanake. Ta lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin tebur, ta sake lanƙwasawa, sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam, ka tara lissafin nan kuwa?"

"Ƙanwata," in ji shi, karo na farko da ya kira ta haka, "na san abin da ciwo. Amma kada ki damu. In na hau, ba zan taɓa miki lungunki ba."

"To. Na dai tambaya."

Ta huda takardar, ta zura mata zare, ta ɗaure tamau. Hakkin zumunci ta sauke, sau ɗaya, kamar yadda ya kamata.

Ranar zaman kwamiti Tun-Kafin-Ku ya zo da sabon ɗinki, guga kamar za ta yanki mutum. Mutum uku ne a bayan tebur, shugabansu wani dattijo mai sanyin murya da ke jiƙa yatsa kafin ya buɗe shafi. Uwar Fayil na zaune a gefe da jakarta a cinya. Ba a gama ce masa ya zauna ba ya fara.

"Ranku ya daɗe, ni ba mai son girma ba ne, kowa shaida ne. Gaskiya ce ta matsa mini. Tun kafin ginin nan ya san fenti nake cikinsa. Alƙalai goma sha ɗaya suka wuce ta hannuna. Abin da nake roƙo kawai, a ƙirga mini kwanakina cif, kada a rage mini ko yini ɗaya."

"Ba za a rage ba," in ji shugaban. "Takardarka ta yi kyau. Rabona da ganin mai kyanta an daɗe. Kana nan a kan duk abin da ke ciki?"

"Har wata biyar ɗin, ranka ya daɗe."

"Madalla. Kwamiti ya karɓa. Kai ne babba a ofishin nan, babu mai ja da kai."

Tun-Kafin-Ku ya juya ya yi wa Uwar Fayil murmushin tausayi. Shugaban ya jiƙa yatsa, ya buɗe wani shafin.

"Talatin da ɗaya, a tara da huɗu da wata biyar, talatin da biyar ke nan da wata biyar. Ka san ƙa'ida, tun da kai ke koya wa yara: ma'aikaci ya cika talatin da biyar, ya ajiye aiki. Ka ma zarce. Ritayarka ta fara daga yau."

Murmushin bai samu hanyar sauka daga fuskarsa ba, sai ya tsaya a nan ya bushe.

"Ranka ya daɗe... maigadi cewa ya yi uku."

"Kai kuma ka rantse huɗu da wata biyar."

"To a janye takardar."

"Ana iya janyewa. Sai dai ka rubuto cewa ka yi rantsuwar ƙarya a gaban alƙali. Wannan kuma ba kwamiti ke sauraronsa ba, ɗakin shari'ar da ke kusa ne. Ka fi mu sanin hanya."

Ya buɗe baki zai ce tun kafin, sai ya ga babu wanda zai ce wa. Shugaban ya riga ya juya yana ce wa Uwar Fayil ta karɓi makullin ofishin rajistara.

Rana tsaka ya isa gida, lokacin da bai taɓa ganin gidansa ba a ranar aiki. Ya tsaya a tsakar gida ya gyara murya, don jawabi ba ya mutuwa da wuri.

"An tabbatar ni ne babba. Girman ma ya yi yawa, babu kujerar da za ta ɗauke shi a kotun. Daga yau ina nan tare da ku."

"Barka, Malam," in ji matarsa, tana shanya. Ya nufi kujerar da ke inuwa, inda kyanwar gidan ta miƙe tana barci, ya ɗaga hannu zai kore ta.

"A'a, bar ta," ta ce. "Zaman gida da rana, na riga ka da shekara talatin, ita kuma da shida. Kai yau ka fara. Riƙe mini bakin zanin nan."