Ranar Da Na Ɗaga Alhudahuda A Zaure

Na shekara arba'in ina karantar da ƙissar Annabi Sulaimanu, alaihissalam, ban taɓa tuntuɓe ba, sai da surukina ya kawo mini tsaraba daga Kano: tsohon zanen wani tsuntsu, takardar har ta yi ja. Ga tukku, ga wuya kamar aikin babbar riga, ga jela kamar takobi. Nan take na yanke hukunci cewa tsuntsun fadar Annabi ba zai gaza wannan kwarjini ba.

Bayan la'asar, a zaurena na Gaya, na ɗaga zanen sama. "Jama'a, ga alhudahuda!" Aka yi kabbara. Wani dattijo har da hawaye.

Sai Ɗanbaba maharbi, mutumin Toranke, ya yi gyaran murya. "Allah ya gafarta Malam, alhudahuda kullum yana kiwo a bayan rumbuna, bai fi tafin hannu ba. Wannan kuwa zai ishi gida miya."

Na sanar da shi cewa ba a daji ake samun ilimi ba. Na miƙa wa wani tsohon hedimasta da ke zaune a wurin ya karanta bokon da ke ƙasan zanen, don a rufe bakin jahilci.

Ya karanta, ya ɗago kai. "Malam, dangin kaza ce ta ƙasar Sin. Turawa gasa ta suke yi."

Yau shekara uku ke nan. Duk ranar kasuwa, da mai kaji ya hango ni sai ya ɗaga zakara ta ƙafa: "Allah ya gafarta Malam, a ba mu fatawa. A yanka, ko shi ma alhudahuda ne?"