Ɗan Bronx Ya Zo

Ko da sabulu aka wanke mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a titin Grand Concourse da ke unguwar Bronx ba.

Mu 'yan Jos mazauna New York muka taru a falon shugaban ƙungiyarmu kan maganar dutsen bayan unguwarmu ta gida. Alhaji Garba, mai shagunan atamfa a Harlem, so yake mu haɗa hannu a fasa kan dutsen da nakiya, a dasa otal ƙato saboda 'yan yawon buɗe ido. Matsalar ita ce akwai idon ruwa a gindin dutsen, shi ke shayar da lambunan kabeji da karas na rabin unguwa, har da na tsohuwata. Nakiya na tashi, ruwa zai ƙaura, kabeji ya yi sallama.

Ni kuwa (tasi nake ja, amma in na buɗe baki sai ka rantse lauya ne) na miƙe na gyara babbar riga.

"Jama'a, Bature ba zai baro New York ya tafi Jos kallon bene ba! Ya kalli bene har wuyansa ya sage. Dutse yake nema, da sanyi, da iska mai daɗi. Duk wanda ya taɓa dutsen nan, ko da farce ne, jahili ne, maƙiyin jikokinsa!"

Tafi raf-raf-raf. Hajiya Ladi, mai gidan abinci a Mount Hope, har guɗa ta rangaɗa. Ni dai na fara hango kaina a kujerar kwamishina.

Alhaji Garba ya ciro wayarsa. Ya haɗa ta da talabijin ɗin falon. Sai ga dutsenmu ya cika allo, a ƙirjinsa an rubuta da jan fenti, kowane harafi ya kai tsayin firij: ƊAN BRONX YA ZO.

"Ƙanena," in ji shi, "wane jahili ne wannan?"

Na ce, "Haba Alhaji, 'yan Bronx ai mun fi tururuwa yawa."

Ya ja hoton gefe da yatsa. Ga ni nan tsaye riƙe da gwangwanin fenti, na washe haƙora har na dasashi. (Zuwana gida bara ne, kuma ni da kaina na tura hoton cikin gurup ɗin ƙungiyarmu na waya, ina jiran yabo.)

Hajiya Ladi ta ce, "Ɗan nan, dawo mini da guɗata."

Aka kwashe da dariya, wani har shayi ya ƙware shi. Na nemi kujerata na rasa. Abin da ya fi ci mini rai, na ga da bakina na kashe lambun tsohuwata, don yanzu ba mai sauraron hujjata.

Da dariya ta lafa, Hajiya ta juya. "Amma Alhaji, haukan wannan da burushi ake kankare shi. Naka fa, da me za a kankare?"

Alhaji ya sosa ƙeya. Daga ƙarshe aka tsaya kan masauki ɗan madaidaici can ƙasa, nesa da idon ruwa, da matakala zuwa sama, samarin unguwa su riƙa raka baƙi. Alhaji ya yarda, amma da sharaɗi: ni ne shugaban kwamitin kankare fentin, kuma ni kaɗai ne mamba.

Darasi? Kafin ka kira wani jahili a taro, fara duba hotunan da ka tura wa mutanen taron.