Bindigar Shayina a Ƙofar Filin Lyon

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da 'yan sandan Lyon suka kama ni da bindiga ba, ni da ko kaza ake yankawa sai na kau da kai.

Ɗana na fari (sunan ɗan fari ba ya faɗuwa, mu ce masa Gola) shi ke tsare raga a ƙungiyar balon yaran unguwarmu a garin Sevran, ƙasar Faransa. Duk Lahadi ina bakin fili da ɗan murhun gas, ina dafa wa iyaye shayi mai citta da kanumfari. Abin kunna murhun wani birike ne baƙi mai siffar ƙaramar bindiga, har da kunama. In ka danna sai wuta ta fito ta baki. Innata, Allah Ya jiƙanta, ta sayo mini shi a Damagaram, wai ta ji iskar Faransa ba ta barin ashana. A filinmu ba mai laluben jakar wani. Mai gadin ma in zai kunna taba cewa yake, "Madam, a ara mini makamin."

Sai aka gayyaci yaranmu babban filin ƙwararru na Lyon, su buga fenariti lokacin hutun rabin wasa. Yaron nan har tuwo ya kasa ci. Ya ce, "Maman, ko kowa bai gani ba, ke dai ki gani." Na ce insha Allahu idona ƙur a kansa.

Murhun na bar shi a mota, amma birike ya biyo ni cikin jaka. A ƙofa aka raba mu, Malam maigidana layin maza, ni na mata. Ina leƙawa gaba na ga ana karɓe gorunan ruwa da lemomi ana jefawa cikin wani ƙaton kwando. Kyautar Inna a shara? Nan Shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa hannu biyu: na zaro shi a hankali na soke a ƙugu, cikin ɗaurin zane, hijabi ya rufe. (Wallahi ban san a nan har jikin mutum ake shafawa ba.)

Matar da ke laluben tana murmushi har hannunta ya kai ƙuguna. Murmushin ya ɗauke.

"Madam, mene ne wannan?"

Faransancin da na yi a lakwal, wato makarantar boko, ya gudu ya bar ni. Maimakon in buɗe baki, sai na ga gara in nuna mata da ido. Na zaro shi, yatsana a kan kunama.

Innalillahi! Layi ya watse kamar an jefa dutse cikin tantabaru. Wata tsohuwa ta kwanta a ƙasa. 'Yan sanda suka kewaye ni suna ihu in ajiye, ni kuwa don ruɗewa na danna. 'Yar wuta ta fito, kamar ƙwayar wake.

"Na shayi ne," na ce. Da Hausa.

Aka kai ni wani ɗaki mai talabijin a bango, aka nemo Malam. Ya dubi biriken a kan tebur, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ashe duk shekarun nan da soja nake zaune?"

Babban ɗan sandan ya yi ta bayani, Malam na sake mini da Hausa kamar ban ji ba: a ƙasar nan ko filin unguwa ba a zuwa da bindiga, sai dai can ba a dubawa, nan kuwa ko mai kama da ita ba ta shiga, ɓoyewar kuma ita ta fi muni. Ina ta "Wi, Musyu", sai na ji usur ɗin hutu. Hawaye suka zubo mini. Na ce ɗana ne gola, na yi masa alkawari.

Matar nan mai lalube da na tsorata (Allah Ya saka mata) ta dube ni, ta je ta ƙara muryar talabijin. Ga ɗana cikin rigarsa ruwan ɗorawa, ƙarami a tsakiyar ragar nan mai faɗi. Aka buga, ya tashi sama ya kama! Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Babban ɗan sandan ya zabura har kofi ya zube masa a wando. Ina jin guɗar ta fi bindigar razana shi.

Da aka tashi, Gola ya rugo. "Maman, kin gani?"

"Na gani, kusa-kusa ma."

Malam ya kama tari. Ban iya riƙe rabin gaskiya ba, a mota na faɗa wa Gola sauran. Ya rufe fuska da safar hannunsa, kafaɗunsa na rawa don dariya, har muka wuce garin Rillieux.

Biriken sun ba Malam a ambulan, yanzu biriken ba ya fita daga kicin. Da ashana nake kunna shayin Lahadi, iska na kashewa, iyaye na tsokanata da "Kwamanda". Na dai koyi darasi: abin da ake ara da dariya a filin unguwa, a babban fili kwantar da tsohuwa yake. Kuma in mutum zai ɓoye abu a ƙugu, ya fara duba kamanninsa.