Yadda Za Ka Ɓoye wa Surukinka Cewa Hancinka Ya Buɗe

Kai da tsiron nama ya toshe wa hanci tun kana saurayi, aka kuma sa maka ranar tiyata, matso kusa. Ni Torleif na bi hanyar nan, kuma na ba ka tabbacin in ka bi matakaina, kujerarka a teburin surukinka ba mai taɓa ta.

1. San abin da za ka rasa

Surukina Halvard yakan tsuma kifi a ganga tun kaka, ya buɗe da hunturu. Ranar buɗewa, saboda tsabar wari, 'ya'yansa kan tuna suna da aiki a birni, kare ma ya koma maƙwabta. Tun da matarsa ta rasu, ni kaɗai ke zama in ci tare da shi, har yana nuna ni a gari yana cewa, "Ga namiji!" Ba jarumta ba ce, hanci ne ba ya aiki.

2. Kada ka sa rai likita za ta ɓata hanya

Da can sai mutum ya yi fatan a manta da wani lungu na hancin a bar shi a toshe. Yanzu kuwa sai an ɗauki hoton cikin kanka an ɗura wa kwamfuta. A liƙa maka wani abu a goshi, a bi fuskarka da tsinke ana taɓawa, har na'urar ta san ka fiye da mahaifiyarka. Duk inda ƙarfen likita ya sa kai a ramukan hancinka, ɗigo na nuna mata a allo: nan ido ne, nan ƙwaƙwalwa, bi ta tsakiya.

3. Gwada roƙo

Na ce wa Dakta Tveit, "Likita, don Allah a buɗe na numfashi, a bar na shaƙar wari yadda yake."

Ta ce, "Malam, ba tagar mota ba ce. Kwanta."

Kwamfutar kuwa kada ka ɓata bakinka, ba ta da suruki.

4. Horar da fuskarka

Bayan an cire audugar da aka cusa maka a hanci, duniya za ta afko maka. Za ka gane takalmanka sun daɗe suna zaluntar iyalinka. Daure. Matata Gunvor ta turo mini kofin gahawa tana kallona ta wutsiyar ido.

"Ya hancin, akwai labari?"

"Shiru kike ji," in ji ni, alhali ƙamshin ya kusa sa ni kuka.

"To me ya sa ka fitar da shara ba a aike ka ba?"

Wannan kuskure ne babba. Namijin da bai ji wari ba ba ya fitar da shara.

5. Ranar ganga

Shaƙa ta baki. Zauna kusa da taga. Da tsohon ya ɗaga murfi, sai na ji kamar an kwaɗa mini tabarya a tsakiyar goshi. Na ɗora kifin a kan gurasa, na zuba albasa, na kai baki, hawaye na bin kumatu.

Halvard ya ajiye wuƙarsa.

"Kai, ɗan nema! Ka ji warin ke nan?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya juya yana kallon kujerar matarsa da ke gefen murhu.

"Ni ma tashin zuciya yake sa ni," in ji shi. "Marigayiya ce gwanarsa. In na buɗe gangar nan, sai gidan ya koma yadda yake tana nan. Shekara da shekaru ina ba ka labarinta, sai yau ka shigo gidanta."

6. Miƙa faranti a ƙara maka

Ba wata dabara a nan. Na miƙa, ya zuba mini yanka mafi girma.

Gargaɗi: na yi alkawarin kujera, ban yi alkawarin asiri zai rufu ba. Juyawar ciki, gudun kare, da kwanan falo da Gunvor za ta yanke maka har warin ya bar gemunka, duk babu hannuna. Mai ƙorafi ya je ya samu kwamfutar, ita ta nuna hanya.