Minu da Ƙyauren Aghali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara unguwa guda saboda kyanwa ba.

Sunanta Minu. Wata safiya na ga fatar bayanta tana rawa ita kaɗai, daga wuya har gindin wutsiya. Can sai ta zabura, ta hau cizon kanta, ta kwasa da gudu kamar an watsa mata ruwan zafi. Duk wanda ya zauna a Arlit, garin haƙar uraniyom, ya san halinmu da tsoron radiyasiyo, gubar nan da ido ba ya gani: ciwon kai radiyasiyo ne, furfura radiyasiyo ce, ko akuya ta ƙi dusa sai mu ce uraniyom. Ni kuwa direban kar ne, wato bas ɗin ma'aikatan kamfanin haƙar, kullum hirar injiniyoyi tana zuba a bayan ƙeyata, don haka na ɗauki kaina rabin masani. (Ɗayan rabin a waya na cike shi.)

Bincikena bai yi nisa ba. Maƙwabcina Aghali, mai lambu, abokin shan shayina tun zuwana garin, ya sayo tsohon ƙarfe a kasuwa ya yi sabon ƙyaure, kuma a inuwarsa Minu take wuni. Shi ke nan, na gano cuta. Na gaya wa matata, na gaya wa mai shago, na gaya wa 'yan masallaci cewa ƙarfen nan daga wajen haƙar uraniyom ya fito. Mata suka hana yara bi ta ƙofar. Masu sayen tumatirinsa suka ja baya.

Aghali ya same ni ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, ƙarfen nan na tsohon mota ne. In kyanwarka bai da lafiya, ka kai shi likita."

Na ce, "Za a gani." Tun daga ranar shayinsa ya daina tsallako katanga.

Na roƙi Mushe Sani (Mushe dai malam ke nan da Faransanci), mai awon radiyasiyo a wurin aiki, ya zo da na'urarsa. Ya iso da la'asar cikin farar shadda, mutane sun cika layi, ni kuma ina ta ba da umarni a matsa baya. Ya ɗora na'ura a ƙyaure. Shiru. Na ce ya gwada ta ƙasa. Shiru. Aka kamo Minu, aka auna ta, lafiya lau. Har ni na miƙa ƙirji (kada ku tambaye ni dalili).

Don in rufa wa kaina asiri na ce a shigo a sha ruwa, har da Aghali da dattawa. Babban baƙo sai babbar shimfiɗa, na ciro buzun ragon layyata daga ɗakin ajiya, wanda Minu ta mayar gadonta, na shimfiɗa wa Mushe Sani.

Bai gama kurɓar ruwan ba ya sosa idon sawu. Ya sosa cinya. Ya leƙa farar shaddarsa, muka leƙa tare. Ga baƙaƙen ɗigo nan birjik, kuma ba a tsaye suke ba.

Ya ce, "Malam, radiyasiyon nan naka tsalle yake yi."

Ƙuma ce. Daga bayan labule matata ta ce, yadda kowa zai ji, "Tun yaushe nake cewa a shanya buzun nan?"

Dattawa suka fashe da dariya suna kakkaɓe riguna. Aghali kaɗai bai yi dariya ba. Ya kama ɗaya, ya murƙushe ta tsakanin farce, ya nuna mini.

"Wannan ma daga ƙyaurena ya fito?"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ga ƙafata tana ƙaiƙayi, na kasa sosawa.

Buzu ya sha wuta, Minu ta sha magani, ni kuma na bi shago da masallaci ina janye maganata. Tumatir kuwa na ci shi har ya gundure ni, don kullum sai na saya a gaban jama'a. Aghali ya yafe, shayi ya dawo, sai dai har yau in zai shigo gidana da tabarmarsa yake zuwa.

Yanzu in abu ya yi ƙaiƙayi a gidana, shimfiɗata nake fara kakkaɓewa kafin in kalli ƙofar wani.