Sunan da Baki Ba Ya Kamawa

Jiya da hantsi na shiga jerin masu tada fitina a asibiti, ni da ko akuya ban iya yi wa tsawa ba.

Maƙwabciyata Zulai ce ta rugo da ɗiyarta Muhsina, jiki na jijjiga, ido ya juye. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Bagega ba ma tsayawa tambaya. Na ɗora su a babur, sai asibiti.

Nas ɗaya tal, tun shekaranjiya ba ta zauna ba, layi har bakin ƙofa. Ta jawo kati.

"Mi sunan yarinya?"

Zulai ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ce. Wace uwa ce a nan za ta kama sunan 'yar farinta gaban jama'a?

"Baiwar Allah, ki yi magana ko in kira na bayanki!"

Nan na ɗaga murya: "Muhsina! Rubuta ki duba ta!" Nas ɗin ma ta ɗaga tata. Amma ta duba ta, ta yi mata allura, jijjigar ta lafa. Maganin gubar kuwa babu. An ce an turo, bai iso ba. Wallahi sai nas ɗin ta ba ni tausayi.

Ana haka sai ga Masu Girma 'Yan Kwamiti, mota huɗu, mutum goma sha biyu, wai sun zo gano irin majinyatan da ke faɗa da nas. Kai, Allah ya ƙara basira! Wani mai babbar riga ya tsare ni da biro. Ɗan ƙauye? I. Boko? Firamare. Da babur ka zo? Ya yi ta gyaɗa kai kamar ya gano sabuwar cuta. Zulai kuma ya rubuta mata "taurin kai".

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda biron na hannu, wa ya tare maganin yara? Wa ya bar nas ɗaya ga mutum sittin?"

Ya sunkuyar da kai, sak yadda Zulai ta yi.

Muhsina na can kwance tana jiran magani. Da na ba Jibo mai faci labari, ya ajiye taya ya ce, "Haba, ka daina zargin manya. Mutane ne masu kunya."

Na ce, "Kunyar mi?"

Ya ce, "Wanda ya tare maganin, ɗan farinsu ne."