Dubu Hamsin da Shida a Bakin Kwali

“Sannu da hutawa, tsohuwa mai ran ƙarfe. Har yanzu kina nan kina cinye mana dankali?”

“Ina nan daram, ragon maza. Sai na ci shinkafar bikinka, in an sami marar sa'ar da za ta yarda da kai.”

Ranar Lahadi ce a gonar su Halvorson da ke Dakota ta Arewa, ƙarfe uku saura minti ashirin. Verna, wadda ta yi shekara talatin tana buga telegiram a tashar jirgin ƙasa, ta ja kujerarta kusa da tarho. Ƙanwarta Solveig tana gidan kula da tsofaffi a Oregon, kuma kowace Lahadi da ƙarfe uku ma'aikaciyar jinya takan buga mata lambar sau ɗaya tak. In ta tarar layi a cike, sai wani makon. Makon jiya da ƙyar Solveig ta gane muryar yayarta.

Jikanta Royce ya ajiye kwalin sabon modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya miƙa hannu zai cire wayar tarhon ya sa wa modem ɗin. Verna ta ɗora ƙafa a kanta.

“Kaka, minti biyu kawai. Hotunan karsana zan aika wa mai saye a Montana.”

“Minti biyun gidanku. Nawa ne nauyinsu?”

“Na karsanar?”

“Hotunan, sarkin basira.”

“Harafi miliyan shida. Dubi kwali, dubu hamsin da shida yake kwasa kowace daƙiƙa. Ki raba ki gani, ko minti biyu bai cika ba. Amma na manta, a zamaninku da duwatsu ake lissafi.”

“A zamaninmu wanda ya raba awaki da adadin kaji, kunnensa ake ja. Dubu hamsin da shidan nan, na mene ne?”

“Na sauri mana.”

“Na ɗigo ne, ba na harafi ba. Kowane harafi ɗigo takwas ne. Ka ƙara biyu na rakiya, ɗaya ya yi sallama a gaba, ɗaya ya rufe ƙofa a baya. Goma ke nan. Sai ka raba da goma.”

Royce ya kama ƙugu. “Wannan dokar injin tasharku ce, mai ƙara kamar ana sussukar masara. An daina yayinta tun kafin haƙoranki su yi ritaya.”

“Sauya wa jaki akumari bai rage masa kaya ba. Sun cire wannan rakiyar sun sa wata, ta adireshi da ta duba kuskure. Kai da kake kai alkama ma'auni, har da nauyin motar ake rubuta maka?”

“A'a, ana cire na mota.”

“To kwalin nan har da mota ya auna maka. Harafi dubu biyar da ɗari shida ne a daƙiƙa. Minti goma sha takwas.”

“Ai kin yanka kanki da wuƙarki. Saura ashirin, ina da rarar biyu.”

“A kan wane layin? Wannan da kakanka ya taya kafa turakunsa, wanda in saniya ta sosa jiki a can sai ka ji ta a nan? In ya ba ka rabi, ka gode. Minti talatin da shida.”

“Kamfani guda da injiniyoyinsa sun rubuta abu, tsohuwar da ke neman tabarau yana kan goshinta ta ce ƙarya ne.”

“Ba su yi ƙarya ba, sun dai san akwai irinka a kasuwa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.”

“Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki ɗaga ƙafar.”

Verna ta dubi agogon bango. Saura minti goma sha uku. Ta san in abin ya fara tafiya Royce ba zai so a katse ba, ta kuma san in ba da idonsa ya gani ba, gardamar za ta kai su ƙarfe uku.

“Minti uku na ba ka. In sun cika, ko karsana tana rabin hanya, zan fizge. Ta isa Montana ba ƙafafun baya.”

Ta ɗaga ƙafar, amma ta naɗe wayar a hannunta. Modem ya yi ta kuka kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba, sannan ya yi shiru. Royce ya sunkuya a kan kwamfutar.

“Karanta mini, idona ba ya gani.”

“Dubu ashirin da takwas da ɗari takwas.”

“Saura minti nawa ya ce?”

Royce ya sosa ƙeya. “Talatin da bakwai.”

“Ashe na yi kuskure da ɗaya. Tsufa ne, ka yi haƙuri.”

Dariya ta kuɓuce masa. Da hannunsa ya cire wayar daga modem, ya mayar da ita jikin tarho, ya ɗaga ya saurara har ya tabbata layin ya dawo, sannan ya tura tarhon gaban kakarsa.

“Na sallama, boka. Karsana ta jira. In Inna Solveig ta kira, ki ce mata kin ci zalina.”

“Zan ce mata na haifi wanda ya haifi mai sayen kwali.”

Uku da minti ɗaya tarho ya yi ƙara. Verna ta ɗauka tun bai yi ta biyu ba. Royce yana bakin ƙofa ya ji wata siririyar murya daga nesa tana cewa, “Verna? Ke ce?”

“Ni ce, ƙanwata,” in ji Verna, tana korar jikanta da hannu. “Layin naki ne, ki yi magana a hankali.”